Nomau da Kanarin Baffa

To, ku gyara zama in ba ku labarin Nomau, maƙwabcinmu na Tudun Marke. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da su, ita ɗin ma gajeruwa, in ina shanya ina ganin tsakar gidansu tas.

Su uku ne a gidan. Akwai shi Nomau, ƙato ne, ga ƙarfi ga farar zuciya, ban taɓa jin ya yi faɗa da kowa ba. Abu ɗaya ne dai, yadda ka ajiye masa magana haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya jira ka a bakin rijiya ka manta da shi, to can za ka je ka same shi. Sai matarsa Tabawa, 'yar firit da ita, mai ƙuli-ƙuli, bakinta ya fi hannunta sauri. Sai Baffa Ilu, ƙanin uban Nomau, shi ya riƙe shi tun yana ƙarami. Baffa tela ne, a zaure yake ɗinki. Saman kansa kuma kullum akwai keji a rataye da kanarinsa a ciki, wanda ya sa wa suna Ɗorawa saboda launin ƙirjinsa. Baffa na taka keke, Ɗorawa na zuba kuka, mai wucewa sai ya rage tafiya.

Ana nan sai hawan jini ya kayar da Baffa, ɓarinsa na hagu ya yi nauyi. Aka kai shi asibiti a birni, aka dawo da shi. Likita ya faɗa musu ƙarara, ya ce ƙafar nan ba ta mutu ba. In yana takawa kullum, ko yaya ne, za ta dawo. In kuwa ya kwanta, ita ma ta kwanta ke nan, ba tashi. Baffa ya ji da kunnensa, amma ana dawowa gida sai ya shige ɗaki ya ce a saki labule. Ya ce shi da ya ɗinka wa rabin garin nan kayan sallah, ba za a gan shi yana jan ƙafa ana nuna shi ba. Masu gaisuwa ma daga bakin ƙofa suke juyawa. Tabawa ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi fushi, duk a banza. Abu ɗaya ya rage da yake tambaya, shi ne Ɗorawa. Kula da Ɗorawa kuwa ya faɗo kan Nomau.

Wata rana da safe Baffa ya yi kira daga ɗaki, muryarsa can ƙasa.

"Nomau, ka fitar da Ɗorawa rana ya ji ɗumi. Kada ka bar shi a inuwa."

"To, Baffa."

Nomau ya rataye keji a igiyar shanya. Can inuwar darbejiya ta matso, ya mayar da shi kan turmi. Inuwa ta zo turmi, ya ɗora shi kan rumbu. Tabawa ta tafi kai niƙa, layi ya riƙe ta, ba ta dawo ba sai da aka kira azahar. Tana shigowa ta hango mijinta a kan rufin ɗakin girki, ya ɗaga keji sama da hannu biyu, gumi na zuba kamar an sheƙa masa ruwa. Tsuntsu ya buɗe baki, ya saki fukafukai.

"Malam! Me kake yi a can?"

"Inuwa ce ke bin mu, Tabawa. Duk inda muka je sai ta biyo. Amma nan ta kasa hawowa."

"Sauko! Gasa shi za ka yi mu ci da yaji?"

Aka sauko da shi, aka yayyafa masa ruwa, da ƙyar ya rufe baki. Tabawa ta leƙa ɗaki ta ce, "Baffa, da dai ka fito ko bakin ƙofa ne ka riƙa nuna masa." Ya ce, "Ba inda za ni." Ya juya wa ƙofa baya.

Wata rana kuma Baffa ya ce, "Gero kaɗai ba ya riƙe kanari. Ka dafa ƙwai ka sa masa." Abin da masu kanari ke yi, ɗan gwaiduwa ake murmushewa a murfin kwalba, kamar abin da za ka ɗauka da farce. Amma Baffa bai faɗi wannan ba. Nomau ya dafa ƙwan zabo, ya bar shi ya huce, ya cusa shi ta ƙofar keji da ɓawonsa da komai, ya rataye keji a zaure ya tafi gona. Ɗorawa ya maƙale a lungu yana kallon wannan abu da ya kusa kai girmansa. Matan da ke zuwa sayen ƙuli-ƙuli suka gani. Nan da nan zance ya zaga gari, wai kanarin Baffa Ilu ya yi ƙwai, kuma ga shi namiji. Zaure ya cika. Ni ma na yafa gyale na je. Wata tsohuwa tana tafa hannu tana salati, tana cewa, "Duniya ta zo ƙarshe, jikokina! Yau kanari, gobe sai ku ji bunsuru na naƙuda." Wani ya ce a kira liman. Ana cikin haka Nomau ya dawo da fartanya a kafaɗa, ya kutsa, ya leƙa keji, ransa ya ɓaci.

"Kai, ko taɓawa bai yi ba. Ga shi har gishiri na sa a ruwan."

Zaure ya kaure da dariya. Hayaniyar ta kai wa Baffa, Tabawa ta shiga ta faɗa masa abin da ya faru. Sai muka ji wata murya daga ɗaki, irin wadda har mun fara mantawa da ita: "Gwaiduwa, sakarai! Gwaiduwa kaɗan!" Da yamma Tabawa ta zo jikin katanga ta ce mini, "Yaya, kin ji? Ashe muryar na nan." Na ce na ji. Ta ce, "Saura ƙafa."

Wata rana ana zafi, Baffa ya ce, "Yau a yi wa Ɗorawa wanka." Nomau ya ciko bokiti, ya ɗauko soso da sabulun salo. Allah ya sa Tabawa ta waigo daga bakin kasko daidai lokacin da ya zura hannu cikin keji. Ta kurma ihu. Baffa ya ce daga ɗaki, "Kai, ba a cuɗa kanari! Ka zuba ruwa a faranti ka sa masa, shi zai yi wankansa da kansa kamar kowane mutum. Kai dai ka ba shi wuri." Nomau ya zuba ruwa a faranti ya sa. Ya tsaya ya yi tunani. Sai ya ciro zanin Tabawa daga igiya ya kewaye keji ruf, ya kora Tabawa zaure ga kaskonta a kan wuta, shi kuma ya tsaya a ƙofa ya ba da baya. Duk wanda ya yi sallama sai ya ce, "A dakata, ana wanka." Ni ma ya ɗaga murya ya ce mini, "Yaya, ki ɗan bar jikin katangar nan." Ƙuli-ƙuli ya ƙone ƙurmus. Amma Ɗorawa ya yi wankansa son ransa, ya jiƙa zani sharkaf, ya koma yana gyaran gashi. Wannan kam, Tabawa ta ce ta ji gadon Baffa na girgiza, tana zaton dariya ce yake dannewa.

Wata rana iska ta kaɗa keji, ɗan karan da tsuntsu ke tsayawa a kai ya faɗo, da murfin ruwansa. Baffa ya ce, "Duk abin da ya faɗo daga kejin nan, ka tsince ka mayar inda yake." To lokacin ne kuma kanari ke zubar da tsohon gashi ya sake sabo, in ya shiga wannan hali kuwa shiru yake yi, ba kuka. Nomau ya duba ƙarƙashin keji ya ga gashi. Ya tsince su ɗaya-ɗaya a cikin hularsa, ya shiga daji ya ɓamɓaro ƙaro, ya jiƙa shi ya yi danƙo. Tabawa ta same shi zaune a kan tabarma, ya jera gashin a gabansa, ya kalli tsuntsu ya kalli gashi, fuska duk damuwa.

"Tabawa, zo ki taya ni. Wannan na wuya ne ko na jela?"

Ta ƙwace ƙaron ta wurga bayan katanga, wato gidanmu. Ta shiga ta faɗa wa Baffa, tana sa ran zai yi faɗa irin na ranar ƙwai. Bai yi ba. Ya ce, "Ƙyale shi. Ni da tsuntsun duk ɗaya muke, ya yi shiru na yi shiru." Ranar ko kunu bai sha ba. Tabawa ta ce mini in tana shafa masa mai a ƙafar, ji take tana ƙara sirancewa a hannunta kamar karan dawa. 

Wata rana, bayan sabon gashi ya fito, tsuntsu ya yi sumul amma har yanzu shiru, Nomau ya durƙusa a bakin labule.

"Baffa, ya ƙi kuka."

"Ƙarar keken ɗinki ce ke tsokano shi, da ita ya saba. Ka rataye shi a zaure ka taka masa. Kada ka tsaya sai ya yi kuka. Kuma kada ka taka min keke ba ƙyalle a ƙarƙashin allura, ɓata shi za ka yi."

Nomau ya kakkaɓe keke, ya ɗiga masa mai yadda yake ganin Baffa na yi, ya zauna. Ya fara da guntayen ƙyallen da ke kwando. Suka ƙare, tsuntsu shiru. An ce kada ya tsaya, an ce kada allura ta yi tafiya ba ƙyalle. Ƙafarsa na takawa, hannunsa ya laluba, ya jawo kayan mutane da aka kawo gyara tun kafin Baffa ya kwanta. Ya liƙe ƙafafun wandon wanzami. Ya haɗa rigar liman da ɗankwalin wata amarya. Ya jawo buhun gero wofi, shi ma ya bi. Wajen la'asar, ƙafarsa har ta gaji, sai Ɗorawa ya karkata kai ya yi 'yar ƙara. Ya sake. Sai ya kumbura maƙogwaro ya saki kuka, dogo, mai gangara, kamar ana tsiyaya ruwa a kwalba. Unguwa ta yi tsit. Ni na ajiye tsintsiya ban sani ba. Nomau ya yi zumbur zai ruga ya faɗa wa Baffa, sai keke ya biyo shi, ashe ya haɗa da bakin rigar da ke jikinsa. Tabawa ta ɗaga abin da ya ɗinka, wani dogon abu daga zaure har turmi, hannun riga nan, ƙafar wando can. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, tsuntsu ya sake zubawa, sai ta kama dariya hawaye na zuba.

Mun ɗauka kukan nan zai tayar da Baffa. Ashe ciwo ya ƙara masa. Yana kwance yana jin kekensa na tafiya ba shi, tsuntsunsa na kuka ba shi.

Wata rana ya ce a kawo masa keji ɗaki, shi zai zuba masa gero da hannunsa. Ya riƙe murfi da hannun hagu, hannu ya yi rawa, gero ya watse a gado. Ya sake, ya sake watsewa. Ɗorawa kuwa sai rera abinsa yake, bai san me ake ciki ba. Baffa ya ture keji.

"Ɗauke shi. Kai shi inda ba zan ƙara jin sa ba."

"Baffa..."

"Na ce ka ɗauke! Kuma kada ka dawo min da shi. Ko ni na ce ka dawo da shi, kada ka dawo da shi. Ka ji?"

"Na ji, Baffa."

Nomau ya fito da keji tsakar gida. "Baffa, kana jin sa?"

"Ina ji!"

Ya kai shi zaure. "Yanzu fa?"

"Ina ji, ja'iri!"

Ya fita waje. Ya riƙa matsawa gaba yana ajiye keji, yana dawowa yana tambaya. Kukan kanari kuwa kun san shi, ƙarami ne amma nisa gare shi. Sai da ya kai gindin ɗurumin bakin masallaci, inda dattawan gari ke zama suna hira, sannan ya dawo ya ce, "Yanzu fa?" Baffa ya kasa kunne. Ya ce, "Ba na ji." Nomau ya ce, "To madalla." Can ya rataye shi. Da safe ya kai masa gero da ruwa, in magariba ta yi ya lulluɓe keji da ƙyalle ya ba ladan ajiya.

Gida ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Ba a daɗe ba shirun ya ishi Baffa.

"Nomau, je ka dawo da Ɗorawa."

"A'a, Baffa."

"Me ka ce?"

"Kai ka ce ko kai ka ce, kada in dawo da shi."

"To na janye!"

"Ba ka ce in ka janye in dawo da shi ba, Baffa."

Baffa ya ƙwala wa Tabawa kira, ya ce ita ta je. Ta jawo gyale tana sababi, tana cewa ita ba ta taɓa ganin mutum irin mijinta ba. Ta leƙa ɗaki za ta ce ta tafi, sai ta ga abin da ba ta gani ba tun dawowarsu daga asibiti. Fushi ya tayar da Baffa zaune, ƙafafunsa biyu a ƙasa. Ta tsaya. Ta zame gyalen a hankali ta ninke.

"Ayya Baffa, wurin zaman maza ne. Ina ni ina shiga tsakiyar dattawa?"

Nomau kuma, don ya kwantar wa Baffa hankali, ya ce, "Ai lafiyarsa ƙalau, Baffa. Baba Cindo ma ya ce in ba ka so shi zai ɗauka. Ya ce dama tsuntsun ya fi ƙarfinka. Har ya sake masa suna."

Cindo taubashin Baffa ne, tun suna yara suke tsokanar juna.

"Cindo? Cindon da ko kaza bai iya kiwo ba? Kana tsaye yana taɓa min tsuntsu?" Baffa ya laluba bakin ƙofa, hannunsa ya faɗa kan babbar muciyar Tabawa ta tuwon biki. "Tsaya nan in fasa maka kai!"

Nomau ya tsaya cak a tsakar gida, ya cire hula, ya sunkuyar da kai yana jira. Muka ji muciya ta daki ƙasa. Muka ji ana jan ƙafa. Labule ya motsa. Ga Baffa, ya rame, ya yi fari, yana haki yana zagi, yana dogarawa yana jawowa, har ya iso gaban Nomau. Ya zo ɗaga muciya, sai ya ga in ya ɗaga faɗuwa zai yi. Ya tsaya. Ya dubi ƙasa, ya dubi ƙofar ɗakinsa can baya, ya dubi rana a kan hannunsa. Ni dai na toshe bakina da haɓar zani. Tabawa ta matso za ta riƙe shi.

"Kada wanda ya taɓa ni. Kauce min, Nomau. Da kaina zan je."

Haka ya fita. Tafiyar da yaro zai yi da gudu ɗaya, shi sai da ya huta a dakalin gida uku. Nomau na biye da shi ya ware hannuwa kamar mai kora kaji. Ba wanda ya nuna shi. Duk wanda ya gan shi sai ya ce, "Baffa, barka da fitowa! Allah ya ƙara sauƙi." Suna isa ɗurumi Cindo ya dafa baki.

"A'a! Wa nake gani da muciya? An zo tuƙa mana tuwo ne?"

"Kanka zan tuƙa, ɓarawon tsuntsu. Matsa min."

Ya zube a kan benci yana haki. Ɗorawa ya leƙo ta tsakanin waya, ya yi tsalle, ya saki kuka. Baffa ya ɗaga kai yana kallonsa, ya share ido da hannun riga, ya ce hayaƙin mai tsire ne. Ba wanda ya ƙaryata shi, ko Cindo.

Da rana ta yi sanyi Baffa ya ce, "Nomau, sauko da keji mu tafi gida."

"A'a, Baffa."

Dattawa suka yi dariya har wani na tari. Baffa ya dubi hannun dama, muciya. Ya dubi na hagu, rawa yake. Cindo ya ce, "Sai ranar da ka iya ɗaukarsa da hannunka, tsoho. Kafin nan, ni da shi muna nan muna jiranka."

To haka aka yi ta yi. Kullum hantsi sai ka ji muciya na dukan ƙasa ta ƙofar gidanmu, Baffa za shi wurin tsuntsunsa, yana tafe yana zagin Nomau da Cindo. Hutun dakali uku ya koma biyu, ya koma ɗaya.

Wata rana, an fara yankan gero, ina shara a ƙofar gida sai na ji kukan kanari na tahowa. Na ɗaga kai. Baffa ne, yana ɗan ɗingishi, keji a hannunsa na hagu, ya riƙe shi gam. Ya wuce ni ya shiga zaurensa kamar ba komai. Nomau na can baya da muciya a kafaɗa, fuska a ɗaure. Ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Yaya, kin dai gani da idonki ko? Ba ni na dawo da shi ba."

Na ce, "Na gani, Nomau. Ba kai ba ne."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya shiga ya mayar wa Tabawa muciyarta.